Dutsen Da Na Daka A Turmin Gidana

A lokacin da wannan abu ya faru ni mai hoto ne a garin Anka. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa, ina ɗaukar fasfo da hotunan suna da na biki. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina da mata ɗaya da ɗiya ɗaya, ga Innata da ke zaune tare da mu tun bayan rasuwar Baba. Ni mutum ne mai taurin kai da son a ce na iya, in na sa abu a gaba ba ni ji ba ni gani sai na ga ƙarshensa. Ina roƙon edita ya sakaya sunana. Ba don mutanen unguwarmu ba, su kam sun riga sun san komai, a gabansu aka yi. Don ɗiyata nake roƙo, ko wata rana Allah zai sa ta iya karatu har wannan shafi ya faɗo hannunta.

Abin ya samo asali ne daga wani zaure na masu kiwon kifin ado da na shiga a waya. A can na fara ganin wasu 'yan kifaye da ake kawowa daga ƙoramun kan duwatsu na ƙasashen Asiya. Tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, jikinsu a baje kamar ganye, ga zane-zane a gadon baya. Ba su yawo a tsakiyar ruwa irin na sauran kifi, manne wa dutse suke yi da ciki kamar tsaka a jikin bango, suna kankare gansakuka suna ci. Ina ganinsu na ji duniya ba abin da nake so sai su. Na yi ta bibiya har na samu wani mai sayarwa a Kano, aka sako mini guda shida a mota, biyar suka iso da rai. Wanda ya san zafin Anka ya san kiwon irin wannan kifi a nan hauka ne tuburan, don ruwan sanyi suke so, mai gudu, mai iska. Na haɗa akwatin gilashi da hannuna na ajiye a ɗakina, na jona ɗan injin tura ruwa da batirin sola, na kafa fanka tana hura saman ruwan, da bazara kuwa har ƙanƙara nake saye in jefa a leda. Inna ta ce ta ga mai kiwon awaki, ta ga mai kiwon tantabaru, amma ba ta taɓa ganin mai wahala a kan kifin da ba a ci kuma ba a gani ba. Ita ce ta raɗa musu suna amare, saboda kunyarsu.

Kunya kam suna da ita, har ta ɓacin rai. Takun ƙafa kawai za su ji, ko inuwar mutum ta gilma, sai ka neme su ka rasa, duk sun shige ƙarƙashin duwatsu. Ba dabarar da ban yi ba. Na rufe gefe uku na akwatin da baƙin yadi, na kafa kyamara a kan ƙafarta na bar ta nan kwana da kwanaki don su saba da ita, na daina kunna haskenta gaba ɗaya. In na dawo sallar asuba sai in zauna a kan tabarma ko tari ba ni yi, har hantsi ya ɗaga ƙafata ta yi tsami. Abin da nake samu bai wuce wutsiya ko wani dishi-dishi ba. Ga wata matsalar kuma, duwatsun da na zuba na gulbi ne da na kwaso a Gummi, launinsu ɗaya da na kifin, ko ya fito ba ka bambance shi da abin da yake kwance a kai. Rannan na daure na saka hoto ɗaya a zauren nan, sai wani ya tambaye ni cikin raha ko duwatsu nake kiwo. Aka yi ta dariya. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a wuya, ni da nake cin abinci da kyamara.

Dole in faɗi wani abu game da ɗiyata kafin in ci gaba. Shekarunta biyu da rabi a lokacin. 'Yar fari ce, kuma sunan Inna ta ci, don haka kunya biyu ta haɗu a kanta. A gidanmu ba a wasa da wannan al'ada. Ni kaina ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba, sai dai ta ce kai, ko ta ce wancan. Haka ni ma na tashi da tawa ɗiyar, ba ni ɗaukarta a gaban mutane, ba ni kiran sunanta, in ta rarumo ƙafata sai in ce a zo a ɗauke ta. Ni da na ɗauki hoton rabin yaran garin nan, ban taɓa tsayar da ita na ɗauke ta hoto ba. Uwarta ta roƙe ni sau biyu, na ce sai ta ƙara girma. Ita kuwa yarinyar, Allah sarki, ba abin da take so kamar ɗakin kifin. Za ta lallaɓo ta zauna bakin ƙofa a bayana, ta nuna da yatsa tana cewa kihi, kihi. Ni kuma ko waiwaye ba ni yi, sai in yi mata alama da hannu ta yi shiru kada ta kore mini su.

Matata 'yar wani ƙauye ce kusa da Tungar Guru. Shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara a wajajen nan tana budurwa, ƙannenta biyu suka tafi a gaban idonta, saboda dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Tun kafin a ɗaura mana aure ta gaya mini abu ɗaya ne ba za ta yarda da shi ba har abada, dutsen haƙo ya shigo gidan da take. Ko baƙo ne ya zo daga wajen aikin zinare, sai ya bar takalmansa a zaure ya wanke ƙafa kafin ta bari ya taka tsakar gida. Na rubuta wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da jahilci. Na san komai, na san abin da ƙurar nan ke yi wa yaro, a bakin matata na ji shi tana kuka.

Wata ranar kasuwa wani bawan Allah ya zo ɗaukar fasfo. Baƙo ne, daga wata jiha ya zo yana aiki a inda ake niƙa dutse can bayan gari. Da zai biya ni ya zazzage aljihu, sai ga wani ɗan dutse ya faɗo kan tebur, fari tas da jijiyoyi baƙaƙe masu walƙiya. Ina ɗaga shi a hasken ƙofa na hango kifina kwance a kansa, zanen bayansa ya fito raɗau. Na ce ya samo mini irinsa da yawa. Ya tambaye ni me zan yi da shi, na gaya masa. Mutumin nan, Allah Ya saka masa da alheri, ya yi mini gaskiya. Ya ce wannan baƙin mai ƙyalli shi ne dalmar, ba abin kaiwa gida ba ne, shi kansa sai ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga wurin iyalinsa. Na yi dariya na ce ai a ƙarƙashin ruwa zai zauna, ƙura kuwa ba ta tashi a cikin ruwa. Ya girgiza kai kawai. Na dame shi da naci har bayan kwana biyu ya kawo mini kamar kwano biyu a buhu, ya sake jaddada mini in yi hankali da yara.

Na jira ranar da Inna da matata suka tafi bikin suna a Bukkuyum da yarinyar. Na zazzage buhun a tsakar gida, gindin darbejiya, na sa guduma na farfasa manyan daidai yadda nake so. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai zuciya ta raya mini in samu lallausan yashi mai ƙyalli da zan shimfiɗa a ƙasan akwatin. Na duba na ga ƙaramin turmin matata, na jawo shi na zuba ɓarɓashin na yi ta daka, na tankaɗe da rariya, farar ƙura ta baɗe mini hannuwa har gwiwar hannu. Da na gama na share wurin, na yayyafa ruwa, na wanke turmi da taɓarya da sabulu har sau biyu na kife a rana. Ragowar 'yan duwatsun na zuba a tsohon gwangwanin madara na tura bayan ƙofar ɗakina. Da suka dawo da yamma matata ta leƙo, ta tsaya ta daɗe tana kallon akwatin. Ta tambaye ni ina na samo waɗannan. Na ce daga gulbin Gummi, wani masunci ya tsinto mini. Ta matso ta dubi tsakiyar idona ta sake tambaya, ta ce in gaya mata tsakanina da Allah ba dutsen haƙo ba ne. Na ɓata rai na ce haba, yanzu ni take tsammanin zan kawo mata wannan abu gida. Ta ba ni haƙuri ta fita.

Ba a yi sati uku ba abin da nake nema ya samu. Amaren Inna suka daina ɓuya. Suka fito suka kwanta a kan farin dutsen, wasu suka manne a gilashin gaba can kusa da saman ruwa, in matso da kyamara har ta kusa taɓa gilashi ba su motsa ba. Kai, na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka! Na ɗauki hotunan da ban taɓa ɗaukar irinsu ba, ana ganin ƙwayar ido, ana ganin kowane ɗigo na zanen baya. Na zuba su a zaure, yabo ya yi ta sauka, wanda ya yi mini ba'a ma ya dawo yana tambayar sirrin. Mutum ɗaya ne, wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce kifin nan in yana da lafiya ba ya zama a fili haka, ya ga kamar numfashinsu ya yi sauri, in gaya masa wane irin dutse ne wannan, in kuma ban sani ba in kwashe shi yau. Na ce a raina hassada ce, na yi biris da shi.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan dakan nan yarinyar ta fara ƙin abinci. Ta riƙa dafe ciki tana kuka, bayan gida ya ɗauke, in ta sha kunu sai ta amayar. Yarinya mai ƙiriniya ta koma sai kwanciya a jikin uwarta, ta daina zuwa bakin ƙofata. Muka ce zazzaɓin sauro ne, na sayo magani a kemis, Inna ta haɗa da jiƙo, ba abin da ya canja. A cikin satin nan kuma kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in tashi in tarar da shi ya saki gilashi ya kife, wutsiyar ta yi baƙi. Kwana biyar na kwashe huɗu. Ina binne su a bayan ɗaki ban gaya wa kowa ba, amma fa gabana ya fara faɗuwa. Na ƙi yarda in haɗa abubuwan biyu a kaina, kullum tunanin ya taso sai in kore shi da cewa zafi ne ya yi musu yawa.

Wata ranar da azahar ina shago ba kowa, na buɗe hotunan a kwamfuta don in gano ranar da ciwon kifin ya soma. Na jawo mafi kyawunsu, wanda aka fi yabo, na yi ta buɗa shi ina duba wutsiya. A can kusurwar hagu na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Gilashin akwatin ya ɗauko inuwar abin da ke bayana, bakin ƙofa da hasken tsakar gida, ga ɗiyata zaune ta miƙe ƙafa, gwangwanin madarar nan a tsakanin cinyoyinta, hannunta a baki. Na ƙara haske. Dutse ne take tsotsa. Na buɗe hoto na gaba, na buɗe na jibi, na buɗe na satin da ya biyo baya, tana nan a yawancinsu, wani tana lasa, wani tana jera su a ƙasa. Ashe duk safiyar da nake yi mata hannu ta yi shiru, da abin da take yin shirun ke nan. Na rufe shago na ruga gida na ɗauke gwangwanin na jefa a masai. Sannan na yi abin da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba, na ja bakina na yi shiru. Na ce tun da na raba ta da duwatsun za ta warware da kanta, ba sai matata ta ji ba. Kwana uku ina kallon matar nan tana jijjiga yarinya a kafaɗa tana tambayar Allah me ya same ta.

A rana ta huɗu bayan la'asar ina alwala na ji ƙarar matata. Na tarar da yarinyar a kan tabarma ta sandare, idanu sun juye, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna fizga. Matata tana ta maimaita cewa haka ƙanenta ya yi, wallahi haka ya yi. Na tayar da babur, ta hau baya rungume da ita, ban san yadda muka isa asibiti ba. Aka yi mata allura fizgar ta lafa, aka ɗebi jini aka tafi da shi. Da ma'aikacin asibitin ya dawo da sakamako, fuskarsa kawai na kalla na san ba lafiya. Ya ce dalma ce, kuma ta yi yawa ƙwarai a jininta.

Ya zaunar da mu ya fara tambaya a hankali, ko akwai mai zuwa haƙo a gidan, ko ana niƙa dutse ko daka shi, ko ana ajiye buhunansa. Matata ta rantse da Allah har tana dukan ƙirji, ta ce ita da ta binne ƙanne biyu, dutsen nan bai taɓa ƙetare zaurenta ba. Ya juyo gare ni. Na ce ni mai hoto ne. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya ce to akwai aiki, domin maganin da za su ba ta yana fitar da gubar ne a hankali, in kuwa tana ci gaba da shiga ta wata hanya, a ruwa ko a abinci ko a ƙasar da take wasa, ba abin da maganin zai tsinana, kuma fizgar in ta dawo ba lallai ta bar ta da rai ba. Ya ce dole a gano inda abin yake cikin gaggawa. Can matata ta ce ta gane, gidan maƙwabciyarmu ne, wadda mijinta ke zuwa haƙo, yarinyar takan shiga can wasa. Ta ce da gari ya waye za ta je ta same ta, ba za ta raga mata ba. Ina zaune a gefenta ina ji za a ɗora wa baiwar Allah laifina, kuma ban buɗe baki ba.

Washegari da hantsi na ce zan je gida in ɗauko kaya. Niyyata in kwashe akwatin nan a ɓoye, in kai duwatsun bayan gari in zubar, shi ke nan ba shaida. Ina shiga zaure na ji sautin daka. Na ƙarasa tsakar gida na ga Inna a duƙe gindin darbejiya tana dakan gero a ƙaramin turmin nan. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Don ƙanƙantarsa, shi ne turmin da ake daka kunun yarinyar tun da aka yaye ta, safe da yamma, duk tsawon satuttukan nan. Na matsa na duba, ga tsagar da ke gindinsa, ga baƙin abu mai ƙyalli a maƙale ciki wanda sabuluna bai kai gare shi ba. Inna ta ce in kauce mata daga haske, kunun takwararta take sauri ta dama a kai asibiti, ko Allah zai sa ta karɓa. In na yi shiru asirina ya rufu, kunun nan kuma ya shiga cikin ɗiyata kafin azahar. Ta ɗaga taɓarya za ta sake saukewa, na kama ta da hannu biyu. Ta ce lafiya, na haukace ne. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, tun daga mai fasfo har gwangwanin da na jefa a masai. Inna ta saki taɓaryar ta zauna a ƙasa daɓas. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta kira sunana, cikakke, har da na Baba. Shekara talatin da wani abu ban taɓa jinsa a bakinta ba sai ranar, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce in tashi in koma yanzu-yanzu in faɗa da bakina, kafin matata ta je ta ci mutuncin mutanen da ba su ji ba su gani ba. Na koma. Na samu ma'aikacin a gefen gadon, matata na zaune ta riƙe ƙafar yarinyar, na faɗi abin da na faɗa wa Inna ban rage komai ba, na buɗe hoton a waya na miƙa. Shi bai tsaya faɗa ba, ya fita da sauri ya kira abokan aikinsa. Matata ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido. Na jira zagi, na jira ihu, na jira ta shaƙe ni, ko wanne ta yi da na ji daɗi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye wayar a bakin gado ta ce, a hankali, ai sau biyu ta tambaye ni. Daga nan ta juya mini baya.

Cikin kwana biyu ma'aikata suka zo gidan da abin awonsu. Inda na yi fashin dutsen da inda na tankaɗe, nan ne yarinyar ke wasan ƙasa kullum, sharar da na yi baza ƙurar kawai ta yi. Suka kankare ƙasar tsakar gida suka ɗura a buhuna, aka kawo sabuwa aka zuba. Turmi da taɓarya da rariya da tabarmar ɗakina da akwatin gilashin duk aka kwashe, kifi na biyar ma a ranar ya mutu. Unguwa ta cika ƙofar gida tana kallo, na tsaya a gabansu kaina a ƙasa. Na je har gidan maƙwabciyar nan na nemi gafararta, ita ba ta ma san an yi niyyar zarginta ba. Aka auna jininmu mu ma, duka an samu abin a jikinmu, sai dai babba ya fi yaro jurewa. Yarinyar ta yi satuttuka a asibiti, ta yi watanni tana shan magani ana sake awo. Da aka sallame su matata ta wuce gidansu da ita, sai da Inna ta yi sawu uku kafin ta dawo. Muna zaune lafiya yanzu, ba ta taɓa goranta mini ba. Amma tun daga ranar, in na shigo da abu gida ba ta tambayata daga ina, sai ta ɗauka ta juya ta duba da kanta.

Ɗiyata ta rayu, alhamdu lillahi. Shekarunta bakwai yanzu. Tana tafiya, tana dariya, tana son alewa kamar kowane yaro. Amma maganarta ta ɗan shekara uku ce, hannunta na dama yana rawa in ta riƙe cokali, abin da malama ta koya mata yau gobe ya gudu. Bayan ciwon sai da ta shekara ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Likitoci sun ce a yi ta haƙuri ana jan ta, ba su yi mana alkawarin komai ba. Yanzu a kafaɗa nake ɗaukarta har kasuwa, ina kiran sunanta da ƙarfi, mai magana ya yi ta yi. Duk Juma'a sai na tsayar da ita na ɗauke ta hoto. Amma hoton yarinyar nan ta da, mai surutu, mai wayo, ba ni da shi sai inuwar da gilashin kifi ya ɗauko mini ba da niyyata ba.

Ban rubuto don in ce kiwon kifi laifi ne ba, kifin nan ba su yi mini komai ba, su ma kashe su na yi. Hasali ma su suka fara gaya mini akwai guba a gidana, ni kuma na tsaya ina ɗaukar su hoto ina karɓar yabo. Duk mai kiwon wata dabba, in ya ga ta sake hali rana ɗaya, ya nemi dalili kafin ya yi murna. Mutanenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, don girman Allah kada dutsen haƙo ya shiga gida, ko ɗaya ne, ko don ado, ko don tsaraba, kuma kada wanda ya ce muku wanki yana fitar da shi daga turmi. Wanda kuma ya riga ya yi kuskure, ya faɗa a sa'ar farko. Kunyar matata na ji na yi shiru kwana uku, likita ya ce da a ranar da na ga hoton na kawo ta, wataƙila da fizgar nan ba ta same ta ba. Da wannan wataƙilar nake kwana nake tashi.

Satin da ya wuce tana shago tare da ni, ta danna kwamfuta hoton nan ya buɗe, don na kasa goge shi. Ta ɗora yatsa a kan kifin ta ce kihi, ta yi dariya. Sannan yatsan ya gangara kusurwar hagu, kan yarinyar da ke zaune a bakin ƙofa, ta dube ni ta tambaye ni wace ce. Na ce mata ita ce. Ta sake kallo, ta daɗe tana kallo, sannan ta girgiza kai ta ce ba ita ba ce.